Shekara Hamsin da Sunanmu: Littafin Gidan Kumasi

14 ga Satumba, 2024

Jiya bayan magariba mai gidan da muke haya ya aiko ɗansa da takarda. Kuɗinmu zai ƙare ƙarshen watan Mayu, in muna da niyyar ci gaba da zama sai mu tanadi na shekara biyu a dunƙule, ga ƙari a kai. Tun 2017 da aiki ya kawo Abban yara Kumasi muke wannan biya, wannan zai zama karo na biyar. Dokar hayar Gana, wadda aka yi tun 1963, cewa ta yi kada a karɓi fiye da na wata shida a gaba, amma a unguwannin Aboabo da Asawase ban taɓa ganin wanda aka miƙa wa makulli da kuɗin wata shida ba.

Abban yara ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ci tuwonsa bai ce uffan ba. Ni ce na kasa haƙuri. Na ce, "Abban yara, abin da muka zuba a haya da gini muka sa shi, da yanzu ya wuce linta." Ya ce ya sani, amma baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai bushe. Na ce raɓar da ta haifi yara biyu a gari, babbar 'yarta tana ciniki da yaren Twi a kasuwa, ai ta zama ruwan rijiya.

Har ƙarfe ɗaya muna lissafi. Akwai abin da ya tara, akwai fulotin da na gada a wajen Baba a Kano, akwai 'yan gwala-gwalaina. Mun tsaya a kan za mu nema. Na ɗauko wannan littafi don in riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe, saboda maganar gida ba a barin ta a ka.

Da na kira Hajiya, mahaifiyata, na faɗa mata, ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "A Kumasin za ku sayi gida?" Na ce e. Ta ce Allah ya zaɓa mafi alheri, ta ajiye waya.

6 ga Oktoba, 2024

Gida tara muka gani cikin sati uku. Kowane dillali sai an ba shi kuɗin zirga-zirga kafin ya nuna ƙofa, la'ada kuma tana nan daban in ciniki ya faɗa.

Ni da farko cikin zango nake so. Can ne nake jin Hausa ta ko'ina, da asuba ga koko da ƙosai a bakin layi, ga makarantar allo, ga mutanen da in aka yi haihuwa ko rasuwa ba sai an kira su ba. Sai dai gidajen zango yawanci na gado ne, ɗaki goma sha, magada ashirin, wasu suna Akara wasu suna Jamus. Wanda kuma aka ce babu rigima a kansa, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, ko kuma yana bakin rafin Aboabo.

Ɗaya daga cikin waɗannan ya shiga raina sosai. Sabon fenti, tayil har tsakar gida. Hajiya maƙwabciyarmu, wadda nake kira Mma kamar yadda kowa ke kiranta a layin, ita ta raka ni karo na biyu. Ba ta ko kalli falon ba. Bayan gida ta zagaya, ta tsaya a jikin katangar da ba a yi wa fenti ba, ta nuna min wani layi mai duhu da ya kai ƙuguna. Ta ce, "Ɗiyata, nan ruwa yake tsayawa." Ta ce a garin nan ba a sayen gida sai an gan shi sau uku: bayan an ɗauke ruwan sama, da safiyar Lahadi don a ji cocin da ke kusa, da ranar Asabar don a ga ko rumfunan jana'iza suna toshe hanya. A Kano damina ɗaya muka sani. Nan biyu ce, ta Maris zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba, mu kuma muna tsakiyar ta biyun. Wannan ya taimake mu, duk gidan da yake da aibin ruwa yanzu ba ya iya ɓoyewa.

27 ga Oktoba, 2024

Saura ƙiris mu ba da kafin alƙalami a wani gida a hanyar Kenyase. Mai sayarwa ya ce na mahaifinsa ne da ya rasu, ya nuna hotunan takardu a waya. Wani abokin aikin Abban yara, Ba'asante, ya ce mu dakata, ya tambaye shi abu ɗaya: ina ƙanen mahaifiyar mamacin da 'ya'yan 'yan'uwansa mata, sun sani? Mutumin ya fara kame-kame.

A nan na fahimci abin da na daɗe ina ji sama-sama. Asantawa ta wajen uwa suke lissafin dangi, gado a al'adarsu yana bin ɗakin uwa ne. An yi doka a 1985 da ta ba mata da 'ya'ya kaso mai yawa in mutum ya rasu bai bar wasiyya ba, amma ta shafi abin da ya nema da guminsa ne, ban da kayan dangi. Saboda haka ɗa zai iya tashi a gida tun yana jariri, gidan kuma ba na ubansa ba ne balle nasa. Mun janye. Gobe za mu nemi lauya, abin da ya kamata mu fara yi tun ranar farko.

18 ga Nuwamba, 2024

Yau sai na yi dogon rubutu.

Lauyan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar ƙasa ta har abada. Iyakar abin da za a rubuta mana haya ce ta shekara 50 a lokaci guda, dokar filaye ta 2020 ma ta sake nanata haka. Ɗan ƙasa shi ne ake rubuta wa har 99. Ya ce ko su 'yan ƙasar, a Kumasi ba wanda yake sayen ƙasa ɗungurungum, domin ƙasar ta kujerar sarauta ce, sarakuna suke riƙe da ita a ƙarƙashin Asantehene, babban sarkin Asantawa, kowa kuma yana biyan kuɗin ƙasa duk shekara. Ya tambaye ni ko a iyayena ko kakannina akwai ɗan Gana. Na ce mahaifiyata a Kumasi aka haife ta, amma iyayenta duka Kanawa ne. Ya girgiza kai ya ce haihuwa kaɗai ba ta isa ba.

Na fito jikina a sanyaye. Shekarata 41. In aka ƙara 50, ko ina raye ko ba na raye maganar ta wuce ni. Autana mai shekara shida nake tunani, wanda zai kai 56 ya tarar wa'adin gidan da ya tashi a ciki ya cika.

Da labarin ya zagaya layi, shawara ta yi ta zuwa, kuma duk daga masoya. Wani dattijo ya ce wa Abban yara a masallaci, "Alhaji, me zai sa ka wahalar da kanka? Sa sunan ɗana, a rubuta 99, mu yi takarda tsakaninmu." Wata kuma ta ce min ai ni 'yar zango ce, uwata haifaffiyar nan, in je kawai in yi katin ɗan ƙasa, wa zai bambance Hausata da tasu? Ban ji haushin kowa ba, don na san taimako suke nufi. Amma na biyun ƙarya ce a gaban hukuma, ba zan gina ɗakin da zan yi sallah a ciki a kanta ba. Na farkon kuwa an taɓa yin sa a gidanmu.

Kakana, mahaifin Hajiya, fataucin goro ya kawo shi ƙasar Tonawa, kamar yadda Kaka take kiran Asantawa har ta rasu. Hanyar da kakanninsa suka bi zuwa Gwanja da jakuna, shi ya biyo ta a mota. Ya zauna, ya yi arziki daidai gwargwado, ya gina gida mai ɗaki takwas a zango, fatake suna sauka a wajensa. A rana mai kamar ta yau, 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasar. Mutane suka riƙa sayar da gida a kuɗin akuya. Kakana ya ƙi. Ya kira amininsa, mutumin kirki da suka ci abinci a kwano ɗaya shekara ashirin, ya bar masa gidan amana, aka mai da takarda sunansa. Suka hau bayan babbar mota ta Togo da Dahomey (Benin ta yanzu), Hajiya tana da shekara tara, Kaka tana rungume da tasoshinta na aure.

Aminin bai ci amana ba, har ya rasu yana aiko da kuɗin haya Kano ta hannun direbobi. 'Ya'yansa ne suka buɗe akwati suka ga takarda da sunan ubansu, suka raba gado. Ban ma iya cewa sun yi zalunci da saninsu ba. Abin da takarda ta faɗa suka bi.

Na san mu ma mun yi wa mutanen Gana irin wannan kora a 1983, zamanin Shagari, har jakar da suka zuba kaya a ciki ta samo suna daga nan. Ba ƙasar da hannunta yake da tsabta a wannan magana. Shi ya sa na ce wa Abban yara, hamsin ɗin nan da sunanmu a rubuce, da fasfo ɗinmu na Najeriya da takardar zamanmu a jiki, ita nake so. Ya ce shi ma zuciyarsa ta fi kwanciya da haka.

15 ga Disamba, 2024

Mun dakata har aka yi zaɓen 7 ga wata, aka gama lafiya. A satin nan muka ga gidan da nake jin shi ne.

Yana bayan Asokore Mampong, a kan tudu, ɗaki uku da falo, da gareji, da fili a baya mai bishiyar mangwaro da ayaba. Tsohon malamin makaranta ne ya gina shi, yanzu ya yi ritaya zai koma garinsu. Rufin yana yoyo a wuri biyu, bai ɓoye ba, shi ya nuna mana da kansa. Na tsaya a tsakar gidan da la'asar ina kasa kunne, sai ga kiran sallah daga wani ƙaramin masallaci a gangare. Wannan ne sharaɗin da ban faɗa wa dillali ba.

Lauya ya shigar da bincike a Hukumar Filaye, ya kuma ce a kawo safiyo mai lasisi ya auna filin ya gwada da taswirar da ke jikin takarda, don ana samun takarda ta gaskiya amma ta filin maƙwabci ce. Mun sabunta katinmu na baƙi, wanda a 2024 ake yi dala 120 da farko, sabuntawa dala 60 duk shekara. Ba shi, ba banki, ba rajista.

19 ga Janairu, 2025

Bincike ya fito da sunan malamin, hayar shekara 99 daga 2004, ba jingina, ba ƙara a kotu. Wato wa'adinsa sai 2103, namu zai tsaya a 2075. Shekara 28 ɗin da ke tsakani su muka zauna a kansu. Lauya ya ce baƙo kada ya ɗauka za a sabunta masa in ba a rubuta ba, don haka aka sa sharaɗi ƙarara cewa mu ko magadanmu muna da haƙƙin sabuntawa na ragowar shekarun. Malamin ya yarda, ya kuma rage kuɗi, ya ce ba zai karɓi kuɗin abin da bai bayar ba.

Jiya aka kai mu gaisuwa wajen sarkin yankin, domin sai da yardar masu ƙasa ake sauya hannu. Abokin aikin Abban yara ya koya mana tun a mota: a fara miƙa hannu daga dama a bi zuwa hagu, kuma ba a yi wa Nana, wato sarkin, magana kai tsaye, sai ta bakin mai magana da yawunsa, mai riƙe da sanda. Ban ji baƙunta ba ko kaɗan, na tuna fadar Kano. Abin da ya dame ni tun dare shi ne al'adarsu ta kai kwalbar giya. Abban yara ya faɗa wa mai sandan a fili cewa mu Musulmi ne, ga gaisuwarmu a ambulan. Dattijon ya yi murmushi ya ce sun fi shekara ɗari suna zaune da mutanen zango, sun san wannan. Daga nan takarda za ta bi ta ofishin filaye na fadar Manhyia, fadar Asantehene, kafin ta koma hukuma.

9 ga Fabrairu, 2025

An sa hannu ranar Alhamis. Alhamdu lillahi.

Fulotina na Kano ya tafi. Yayana ne ya tsaya a kan cinikin, da ya kira ya ce an biya sai da na shiga ɗaki na yi kuka, don shi ne abu na ƙarshe da ya rage min na Baba. An canza kuɗin a kan kusan naira 100 kowane sidi, wato kuɗin Gana, ta banki muka biya, ba a ɗauki ko sisi a jaka ba.

Matar malamin ma ta sa hannu. Dokar 2020 ta hana miji ko mata sayar da abin da aka samu a zaman aure ba da rubutacciyar yardar ɗayan ba. Da aka zo rubuta masu saye, lauya ya ɗago ya tambaya suna ɗaya ko biyu. Kafin in buɗe baki Abban yara ya ce, "Biyu. Gadon mahaifinta yana ciki." Na riƙe wannan a raina.

23 ga Maris, 2025

Azumi ya rage saurin aiki, ga ruwa ya fara. An canza kwanon rufi shida, an gyara silin.

Gidan mutumin kirki ne, amma ba a gina shi don zamanmu ba. Ƙofar waje tana buɗewa kai tsaye cikin falo, duk wanda ya yi sallama ya ga har kicin. Na ce a mai da garejin zaure: a toshe babbar ƙofar da bulo zuwa rabi, a fitar da taga, a buɗe ƙaramar ƙofa ta gefe, baƙin Abban yara su tsaya nan. Birkilan ya yi ta mamaki, ya ce kowa gareji yake nema a ƙara masa. Masan banɗaki ɗaya yana kallon gabas, an ɗan karkata arewa, daidai alƙibla, sai da fulamba ya fasa ya juya shi. An ja famfo ƙasa-ƙasa a bakin zauren don alwala, da ɗan dakali na zama. A baya kuma ana yi min rumfar girki, domin tuwon gidan da ke da baƙi ba ya yiwuwa a kan gas, sai kurfoti ko murhu, ga turmi yana son ƙasa.

Shekaranjiya gobara ta tashi a kasuwar Adum, shaguna da yawa sun ƙone. Matar da na yi alkawarin sayen yadin labule a wajenta tana cikin waɗanda abin ya shafa. Allah ya mayar musu da alheri. Zan jira ta.

20 ga Afrilu, 2025

Kayan ɗakina na aure suna Kano, a ɗakin Hajiya, shekara takwas a rufe da zani. Na so a ɗauko su, amma da aka lissafa kuɗin mota da na iyakoki uku, Benin da Togo da Gana, ya fi kuɗin sababbi. Na bar wa ƙanwata da za a aurar bayan Sallah. A gidan haya kuwa ban taɓa sayen abin kirki ba, kullum ina cewa ai tashi za mu yi.

Saboda haka muka nufi Sokoban, unguwar 'yan katako da aka kwaso daga Anloga. Tun daga bakin hanya ƙanshin katako yake tarar mutum, ga ƙarar zarto ko ta ina. A shagunan cikin gari akwai gadaje masu ƙyalli na waje, na garin katako da aka matse, na kuma ga yadda na maƙwabciyata ya kumbura ya ruɓe cikin damina biyu. Garin da ke tsakiyar daji, a ce mutum ya kwana a kan garin katako, ban ga dalili ba.

Kafintan da aka haɗa mu da shi dattijo ne, kowa Masta yake ce masa, shi kuma yana ce min Hajiya, yana jin Hausa ta ciniki. Ya ɗora min guntaye biyu a hannu. Ɗaya fari, ba nauyi, ya ce wawa ke nan, sunan itacen ne a yarensu, yana da araha amma ƙwaro yana son sa. Ɗayan ja-ja mai nauyi kamar dutse, ya ce odum, wanda muke kira loko, gara ba ta cin sa. Na ce gadaje uku da ƙofar zaure duk a yi da odum. Ya ce to, amma ba zai taɓa shi ba sai nan da sati biyar, don wanda ke hannunsa bai gama bushewa ba, in ya haɗa shi ɗanye, hunturu na zuwa zai tsage. Na so in matsa masa saboda ranar tashinmu. Ya ce, "Hajiya, in sauri kike so ga shaguna nan da yawa, ni dai ba zan yi ba." A nan na san shi zan ba aikin.

Na ba shi zanen kabad mai gilashi, irin na ɗakunan iyayenmu da ake jera kwanuka. Bai taɓa yin irinsa ba, sai da na nuna masa hoton ɗakin Hajiya. Kujerun falo kuma na ce a yi su gajeru, saiti ɗaya kawai, a bar tsakiya fili don darduma, mu mutanen zaman ƙasa ne. Rabin kuɗin na tura masa ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, an ma cire harajin tura kuɗi a farkon watan nan.

1 ga Yuni, 2025

Lissafina ya rushe. Na bar ragowar kuɗin fulotin a naira, da niyyar in riƙa canzawa kaɗan-kaɗan ina sayen kaya. A watan Afrilu dala tana wajen sidi 15, kafin ƙarshen Mayu ta dawo kusan 10. Mutanen gari suna murna, kuma suna da gaskiya, sun sha wuya tun 2022. Amma ni sidin da nake saye naira 100 ya koma wajen 150, kaya kuma ba su sauko a kasuwa ba. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kayan ɗakina ya tafi ina zaune.

Na soke injin wanki da teburin cin abinci da sola. Firji dai dole ne. Gana ta hana shigo da tsofaffin firji tun 2013, sababbin kuma suna da takarda rawaya mai taurari a jiki, yawan taurari ƙarancin shan wuta. Da mitar kati ake biya, don haka na ƙara kuɗi na ɗauki mai taurari da yawa ƙarami, na bar babban. Tankin ruwa ma ba a yi masa rowa ba, a tudu muke.

Mai gidan haya ya ƙara mana sati biyu ba tare da ya karɓi komai ba. Allah ya saka masa.

15 ga Yuni, 2025

Mun tare, mako guda bayan Babbar Sallah. Matan layinmu na Aboabo su goma sha ɗaya suka cika mota suka zo jere, Mma a gaba, kamar ana kai amarya. Ban roƙe su ba. Suka wanke, suka shimfiɗa leda, suka ɗaura labulen da matar Adum ta kawo daga sabon teburinta, aka kunna turaren wuta a kasko. Malamai suka yi sauka a zaure, aka ci waakye, wato shinkafa da wake, da tuwo. Gadaje biyu sun iso, namu saura, a katifa muke a ƙasa.

Da yamma maƙwabciyarmu ta dama, wata dattijuwa 'yar coci, ta aiko da doya da ayaba a tire. Na mayar mata da tiren da naman Sallah soyayye da fura. Maame nake ce mata.

13 ga Yuli, 2025

Fumfuna ta kama bayan sif da takalman Abban yara. Masta ya zo da kansa ya janye sif ɗin daga bango tafin hannu guda, ya huda ramuka a bayansa don iska. Gadonmu ya iso, mutum huɗu suka ɗauke shi. An biya kuɗin hatimi, takarda tana wajen rajista.

24 ga Agusta, 2025

Hajiya ta zo ranar Talata. Tun da aka sa ta a bayan motar nan tana da shekara tara ba ta sake taka Gana ba, shekara 56. Ko da na haihu nan sau biyu, ƙannenta ta turo. Mun tarbe ta a filin jirgin Prempeh, a hanya ba ta ce komai ba, tana ta kallon waje, sai da muka wuce wata mai gasa ayaba a bakin titi ta ce a tsaya. Ta yi wa matar magana da Twi, kalma uku ko huɗu, ita kanta ta yi mamakin fitowarsu.

Jakarta ɗaya ta yi nauyi ƙwarai. Da aka buɗe, tasoshin Kaka ne guda biyar, a naɗe cikin tsofaffin zannuwa. Ta ce a kasuwar garin nan aka saye su, ta ga ya kamata su dawo. Mun goge su da toka da lemon tsami, ta jera su da hannunta a kabad ɗin Masta, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Abban yara ya ce ko a kai ta ta ga tsohon gidan, ya yi tambaya an kwatanta masa layin. Ta ce a'a, a bar wa masu shi. Abin da ta nema daban ne. Bayan isha ta ce, "Ɗauko min takardar." Na kawo kwafin da lauya ya ba mu. Hajiya ba ta karatun boko, sai ta kira babbar jikarta ta ce ta ɗora mata yatsa a inda sunana yake. Yarinyar ta ɗora. Ta ce ta karanta, ta karanta, har da sunan Baba a ƙarshe. Ta tambaya shekara nawa aka rubuta, na ce hamsin, da sharaɗin sabuntawa. Ta ce, "Kuma sun san ku baƙi ne?" Na ce sun sani, Hajiya, a rubuce yake. Ta riƙe takardar jim kaɗan, sannan ta miƙo min ta ce in sa ta a leda saboda danshin garin nan, in kuma aika kwafi ɗaya Kano wajen yayana.

Da safe na same ta a bayan gida tana duba ƙasar gindin katanga, ta ce nan zai yi zogale da lalle, ta taho da iri.

Abin da ya rage: indararon baya kafin ruwan Satumba, ragar sauro a tagar zaure, kuɗin ƙasa na bana, da komawa wajen lauya ranar 8 ga wata a ji inda rajista ta kwana.